Almakashina da Fitilun Ƙanena

Ni tela ne, kuma tun ina saurayi nake da wani hali da har yau bai sake ni ba. Ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Ko rigar wani ce a kan hanya, in na ga hannu ɗaya ya ɗara ɗaya sai in ji yatsuna suna ƙaiƙayi. Mutanen kasuwar Yelwa sun san ni da wannan, sun kuma san ni da saurin hawa. Halayen nan biyu ne suka haɗu suka yi mini aika-aika a shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi, kuma ban taɓa faɗar labarin ya cika ba sai yau.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni ɗan fari, sai ƙanena auta, shekara tara tsakaninmu. Da yake ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma zama hira da ni. In tana da magana sai ta gaya wa matata ina zaune a wurin. Al'ada ce, ban riƙe ta da shi ba, amma in na ce bai taɓa yi mini ciwo ba na yi ƙarya. Shi kuwa auta a kan tabarmarta yake cin tuwo har ya yi gemu.

Ya yi boko, ya tafi Sakkwato ya koyi aikin wuta, ya manne wa masu wasan kwaikwayo a can yana kunna musu fitilu. Da aka raba jiha aka raba kaya, wasu fitilun dandamali suka faɗo rabon wannan ɓangaren. Aka duba aka rasa wanda ya iya su, sai aka haɗo ƙanena da su zuwa Yelwa, inda muke da ƙungiyar wasa a wani tsohon ɗakin taro kusa da bakin ruwa. Ni nake ɗinka wa ƙungiyar kayan sawa. Littafin da ke bayanin na'urar bai biyo ta ba, kayan canji ma ba su zo ba. Abin da ya zo shi ne fitilun da kan ƙanena.

Fitilu huɗu ne manya, kowace da wani akwati a bakinta. Cikin akwatin akwai leda mai launi, falle goma sha ɗaya da aka haɗa baki da baki suka zama doguwa ɗaya kamar rawani, an naɗe ta a kan sanduna biyu. Naɗi muke ce masa. Ɗan inji ne ke jan ledar ta gaban ƙwan fitila. In ja ya tsaya a gaba sai dandamali ya yi ja, in kore ne ya yi kore. Mai ba naɗin umarni kuwa wani faifai ne mai maɓallai, da ɗan gilashi da ke nuna lambobi, ana ajiye shi a kan tebur bayan 'yan kallo. Ƙanena allo yake ce masa.

Duk lokacin da aka kunna wuta, kowane naɗi kan gudu da kansa daga wannan baki zuwa wancan ya dawo, yana ƙara kamar keken ɗinkin da ya rasa mai. Wata rana ina gugar zanen 'yan wasa a gefen dandamali na ce masa abin nan nasa ya ishe ni da kuka.

Ya ce, "Yaya, awon kai nai shika yi. Shi ji tsawon leda, shi raba ta gida ɗari. Allon ga bai san ja ba, bai san kore ba, lamba ɗai ya sani. In ni ce mai sittin da ukku, sai leda ta tahi gida na sittin da ukku ta tsaya, ko mi ta iske nan shi na launi."

Na ce, "To malamin wuta, mun ji." Na ci gaba da guga. Da kunnena na ji wannan bayani, da rana tsaka, babu abin da ya hana ni fahimta sai raini. Ban ga abin da yaron da na goya zai koya mini ba.

Babban wasan ƙungiyar a kan mutanen gungu ne, waɗanda aka tasa daga tsibiransu lokacin da aka datse kogi ruwa ya hau ya zama tafki. A fitowar ƙarshe wata tsohuwa ce zaune cikin kwalekwale, tana nuna wa jikarta da filafili inda ɗakinta yake a ƙarƙashin ruwa. Babu kiɗa a wurin, babu doguwar magana, haske ne ke yin aikin. Ƙanena ya ce baƙin ruwa yake so, wanda ke zuwa mana da sanyi bayan farin ruwan damina ya wuce. A cikin falle goma sha ɗayan nan babu mai wannan launi. Sai ya riƙa zuwa bakin ruwa da safe ya zauna yana kallo, ya dawo ya zauna gaban allo. Ya fi wata yana wannan. A ƙarshe bai tsayar da ledar a kan launi ɗaya ba, ya tsayar da ita a kan gaɓar da launi biyu suka haɗu, kowace fitila da tata lambar dabam, har huɗun suka gauraya a jikin bango. Ya danna jan maɓallin da ke ajiye aiki cikin allo. Bai rubuta lambobin a ko'ina ba.

Na ga wannan fitowa ta fi sau ashirin yana raye. Ban taɓa kallon bangon ba. Idona na kan bakin zanen tsohuwar, ko kalmasar da na yi ta zauna.

Inna 'yar gungu ce, a cikin kwalekwale aka yaye ta. Ba ta taɓa taka ɗakin taron ba. Abin kunya ta ɗauki aikin ƙanena. Takan ce masa, "Munka kai ka boko, ka ƙare ga haska 'yan kama." Ya roƙe ta ya fi a ƙirga ta zo ko sau ɗaya. Amsarta guda ce. "Ni da nig ga ruwa ya ci gidanmu da idona, mi za ni gani ga bango?" Sai ya yi dariya ya ja kwanon tuwonta gabansa.

Ranar wata kasuwar Wara ya tafi can don ya duba inda za a kai wasan. A hanyar dawowa jirgin ruwan da ya shiga ya yi lodi fiye da ƙima, mutane da buhuna da awaki. Iska ta taso, jirgin ya hau kan kututturen wata bishiya daga cikin waɗanda tafkin ya nutsar tun da daɗewa, ya tsage. Ƙanena ya iya iyo, amma an ce mutum uku ne suka riƙe shi. Kwana uku bayan haka masunta suka tsamo shi ta wajen Ngaski. Jikin bai yi halin ɗauka ba, a nan bakin gaɓa muka yi masa sutura. Inna ba ta gan shi ba. Rigarsa kawai na kawo mata, wadda ni na ɗinka.

Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta rame, ta daina zuwa kasuwar kifi, takan zauna da carbi ba ta ja. Bayan sadakar arba'in, wata safiya na shiga gaishe ta, sai ta dubi matata ta ce, "Hwaɗa ma mai gidanki ina son in ga abin ga da yaron nan ka yi. Ruwan ga da ya ce ya yi. In gani sau guda."

Abin da ta roƙa ke nan a duniya, kuma ni ta roƙa, ko da ta bakin wani ne. Na fita daga ɗakin.

Shugaban ƙungiyarmu wani tsohon malamin makaranta ne mai sanyin hali. Na same shi da maganar, ya ce a yi ranar Asabar mai zuwa bayan azahar, a toshe tagogi da tamfol don tsofaffi su samu zuwa su koma da ido. Ya ce aikin fitila ba zai gagara ba tunda komai na cikin allo, mutum zai riƙa danna maɓalli ɗaya ne kawai duk sa'ad da fitowa ta sauya. Ya kawo sunan wani mai gyaran rediyo. Na ce babu mai taɓa kayan ƙanena sai ni.

Ranar Litinin muka tayar da janareto muka gwada. Naɗin huɗu suka yi gudunsu suka dawo. Na riƙa dannawa, haske yana sauyawa da kansa kamar mai shi yana zaune. Da muka kai fitowar ƙarshe na danna na ɗaga kai, kuma ranar ce na fara gani. Ba shuɗi ba ne, ba kore ba ne. Duhu ne mai haske a ciki, irin wanda in ka leƙa daga bakin jirgi kana ganin hannunka a ƙasa amma ba ka ganin gindin ruwan. Ƙasa-ƙasa akwai ɗan ja-ja na laka. Har sanyi na ji a fatata cikin wannan ɗaki mai zafi. Na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari. 'Yan wasa suka jira har na gama.

Ranar Laraba muna tsakiyar gwaji na ji ƙauri. Kwana arba'in da kayan suka yi a rufe, zanzaro ya gina ɗakinsa cikin akwatin fitila ɗaya, ya toshe 'yar fankar da ke fifita ledar. Zafin ƙwan fitilar ya narkar da ita, ya yi rami kamar tafin hannu a kan fallen mai duhu. Muka kashe wuta. Na hau tsani na sauko da naɗin, na kai shago na shimfiɗa shi a kan teburin yanka.

A wurin tela wannan ba matsala ba ce. Yadi ya ƙone, ka cire wurin, ka haɗa baki. Na sa alli na ja layi biyu, na yanke taƙi ɗaya cif, na haɗa da salatif gaba da baya. Haɗin ya yi kyau, sai ka sa ido sosai za ka gane. Har na ji daɗin kaina.

Na mayar na kunna. Naɗin ya yi gudu ya auna sabon tsawonsa, ya raba shi gida ɗari kamar yadda ya saba. Amma gidajen sun ƙanƙance, kowace lamba ta faɗa wani wuri dabam. A fitowar farko, inda fitilu huɗun ke ba da hasken hantsi, uku suka yi rawaya, wadda na gyara ta yi rabi rawaya rabi kore. Haka ta yi ta saɓa wa 'yan'uwanta har ƙarshe.

Na tsaya ina kallo, sai kaina ya ba ni abin da ya saba ba ni. In hannun riga ɗaya ya gajarta, ba ka da yadin ƙari, sai ka rage ɗayan su daidaita. Na hau tsani na sauko da sauran ukun, lafiyayyu, babu ko ƙwarzane a jikinsu. Ban ma kai su shago ba, a kan dandamali na shimfiɗa su.

Shugaba ya shigo ya iske ni durƙushe da almakashi. Ya ce, "Kai ko, ka tabbata? Da ka bar su, ukku sun ishe mu. Mu kashe guda."

Na ce, "Malam, kai za ka koya min almakashi? Aikin ƙanena za a nuna ma Inna da ido guda?"

Ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri." Ya koma ya zauna. Sau da yawa na yi fatan da ya kasance mai zafi irina, ya fizge almakashin ko ya kwaɗa mini mari.

Na yanke taƙi ɗaya daga kowanne, a daidai wurin da na yanke na farko. Na haɗa, na rataya, na kunna. Suka daidaita kuwa, huɗun duka suka yi kuskure iri ɗaya. Hantsi ya zama rabin kore. Fitowar gobara ta yi ruwan hoda. Da na kai ta ƙarshe, abin da ya fito a bango ya yi kama da ruwan wankin kwanuka. Garin gyaran gira na tsokale ido, kuma saura kwana uku.

Har a lokacin aikin ƙanena yana nan. Lambobinsa suna cikin allo, ba abin da ya taɓa su. Wannan ban san shi ba sai bayan shekara guda, da wani ma'aikacin fitila ya zo daga Jos ya duba kayan. Ya ce da na samo ko farar leda ce na mayar da taƙin da na cire, tsawon zai koma yadda yake, lambobin su koma gidajensu. Ya ce gyaran rabin yini ne. Sai ya tambaye ni ko na taɓa jan maɓalli.

Na taɓa. Na tuna yadda nake ganin ƙanena yana tura wani ɗan makulli sama da ƙasa har launi ya yi masa, sannan ya danna ja. Ranar Alhamis na zauna gaban allo tun safe. Na tura har rawaya ta cika bakin fitila, na danna ja. Wani rubutun Turanci ya fito a gilashin da alamar tambaya. Ban iya karanta shi ba, kuma girman kai bai bar ni na kira shugaba ba, yana zaune taku biyar daga inda nake. Na sake dannawa, rubutun ya ɓace. Tambayata yake yi ko na yarda a goge na da a sa sabo. Haka na bi fitowa bayan fitowa ina share hannun ƙanena ina sa nawa, ina murna abu yana gyaruwa.

Ta ƙarshe ce ta tsayar da ni. Na yini Juma'a a kanta, sallah kawai ke tashe ni. Na san abin da nake nema, na gan shi ranar Litinin, amma sau ɗaya na gan shi kuma ta cikin hawaye. In na tsayar da ledar tsakanin launi biyu sai layi ya raba bangon gida biyu. In na matsa kaɗan sai ya yi kore kamar gansakuka. Kowane gwaji ina danna ja don kada ya kuɓuce mini, kowane dannawa yana binne na baya. Da la'asar ta yi na gaji, zuciya ta ɗebe ni, na tura huɗun duka kan shuɗi na danna. Shuɗi ne tas, irin na bular wanki. Shugaba ya duba ya ce, "Kamar ba haka yake ba." Na ce haka yake.

Ranar Asabar Inna ta zo da matata da wasu tsofaffi biyu 'yan gungunsu. Ta sa zanen da take zuwa suna da shi. Ta ƙi kujera, aka shimfiɗa mata tabarma a gaba. Ɗakin ya cika, don labari ya bazu cewa wasan na marigayi ne. An toshe tagogi, zafi kamar gidan burodi, janareto yana ta faman ƙara a waje. Daga inda nake zaune bayan kanta kawai nake gani.

Wasa ya tafi lafiya. Mutane suka yi dariya inda ake dariya. Inna ba ta motsa ba, ba wasan ta zo gani ba. Da tsohuwar wasan ta shiga kwalekwale, na kai hannu kan maɓalli. Na danna. Bango ya yi shuɗi fes. Samarin da ke baya suka yi sowa kaɗan, wani ya ce kai, ruwa sak. Na ga Inna ta miƙe wuya. Ta daɗe a haka. Ta juya ta dubi tsohuwar da ke damanta, ita kuma ta sunkuyar da kai. Daga nan Inna ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ba ta sake ɗaga ido ba har aka buɗe ƙofa.

A waje rana tana nan da sauranta. Mutane suka yi ta zuwa suna yi mata gaisuwa, suna cewa yaron ya bar abin tunawa. Tana amsawa da kai. Tafkin yana nan a gabanmu, jifa ɗaya daga ƙofar ɗakin, kuma lokacin baƙin ruwa ne. Ta tsaya tana kallonsa har jama'a suka ragu, muka rage mu uku.

Ta ce da matata, a hankali, "Wanga ba ruwanmu na ba. Ashe yaron ga bai san ruwa ba. Dut zaman da shika yi bakin gaɓa, ashe bai gani ba." Ta ce, "Laihina na. Ni nik kai shi boko, ban sa shi jirgi ba. Da ya san ruwa, ƙila da bai shiga wancan ba."

Ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Kada ku hwaɗa ma kowa. Mutane sun ce ya yi kyau, ku bar su haka nan. Ku ruhwa mai asiri."

Matata ta dube ni, don ta san komai, ita ta share guntayen ledar daga shago. Na buɗe baki, Allah ne shaidata na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "To, Inna." Na karɓi tabarmarta na naɗe muka kama hanyar gida.

Shekara shida ta ƙara a duniya tana rufa wa ƙanena asirin laifin da ni na yi, ni kuma kullum da safe ina zuwa in durƙusa in gaishe ta.